Hannu Uku a Gida Ɗaya

Timau, watan Janairu

Zuwa ga uwata Mukami,

Ina gaishe ki gaisuwar ɗa ga uwarsa, tunda sunan tsohuwata na laƙaba miki, kika same ni a matsayin ɗa ba tare da kin sha wahalar goyona ba. Yaya karatun haɗa magunguna, yaya zafin Indiya? Kin ce barkononsu yana sa ki kuka. Ki daure, ni ma da na gama aji huɗu kuka na yi, amma ni malami ne ya sa ni.

Mu nan lafiya lau. Gwiwata tana ta sanar da ruwan sama, ruwan kuma bai san da zancen ba. Shanu suna nan ƙalau, har da Minista, wadda har yau ci kawai take yi ba ta ba da komai.

To ga maganar. Mamanki ta shiga tseren mota.

Ki sake karantawa. Ba rubutun hannun hagu ne ya ruɗe ki ba, abin da na rubuta ke nan.

Kin tuna Tarlochan Singh, mai garejin nan na Nanyuki da ke gyara mana a-kori-kura? A daminar da ta wuce motarsa ta kafe a laka a hawan nan na bayan masaƙar ulu. Yana tsaye rawaninsa ya jiƙe, sai ga Mamanki da tulunan madara, motar tana tafiya a karkace kamar kaguwa, ta wuce shi har da ɗaga masa hannu. Bayan ta sauke madara ta dawo ta jawo shi. Da ma a nan abin ya tsaya. Makon jiya sai ga shi a gidanmu da ƙunshin alewa, yana ba da labarin wata ƙungiyarsu ta masu son mota. Wai in an girbe alkama sukan roƙi mai gona, su zana hanya mai kwana-kwana a cikin fili da tsofaffin tayoyi da ganguna, kowa ya fita shi kaɗai ya zagayo, agogo ya yi hukunci. Ba riba, ba kaya, ba fasinja, mutum ya ƙona mai ya dawo inda ya tashi. Ya ce yana da wata tsohuwar mota Datsun da ya yi wa keji na ƙarfe a ciki, tana zaune ba matuƙi, kuma akwai rukunin sababbin shiga.

Na amsa masa a madadin gidan gaba ɗaya, kamar yadda ya dace da maigida. Na ce mun gode, mu mutanen madara ne. Mamanki tana gefe tana tsince wake, ko kai ba ta ɗaga ba, ta ce, "Wace rana ce?"

Tun daga nan ba a sake neman shawarata ba. Ta karɓi katin ƙungiya. An aro mata hular kwano da wata riga haɗe da wando irin ta bakanike. Aka ce sai da takardar likita, na raka ta ina addu'a a samo mata wani ɗan ciwo mara zafi. Likita ya ce zuciyarta kamar ta karsana. Ya ga fuskata, ya ce bari ni ma ya auna ni, ni aka ba ƙwayoyi.

Yanzu ki saurare ni, uwata. Kin san yadda take tuƙi. Gwiwar hannun dama a kan taga, tafin a waje, yana gaida duk mai numfashi daga nan har Nanyuki. Da shi take nuna za ta yi kwana, tunda fitilar sigina ta mutu kina firamare. Da shi take buga ƙofa in tana waƙa. Gidan nan kuwa hannu uku gare mu, nata biyu, nawa ɗaya. In ta zubar da na damanta a gonar alkama, za mu rage da hagu biyu, ko tafi ba za mu iya yi a coci ba.

Ki rubuto mata ki ce ta bari. Maganarki tana da digiri a gaba, tawa ba ta da ko satifiket.

Ɗanki kuma ubanki,
Ndiritu

*

Puna, watan Fabrairu

Babana,

Na gaishe ka, na gaida Mama, na gaida gwiwarka. Ina lafiya, barkono kuma mun fara sabawa.

Baba, wasiƙarka ta kusa sa a kore ni daga ɗakin karatu. Da na zo wurin hagu biyu sai da na fita waje na riƙe ciki. Na fassara wa abokiyar ɗakina, yanzu duk benenmu sun san akwai wata mata a gindin Dutsen Kenya mai tseren mota da ɗankwali. Sun ce a aiko hoto.

Ban rubuta wa Mama ta bari ba. Na sa mata ƴar takarda a cikin wannan, ka ba ta, na ce ta taka totur har ƙasa. Tun ina ƙarama nake ganinta tana tuƙi a hankali don kada madara ta kaɗu. Sau ɗaya dai ta tuƙa abin da ba zai zube ba.

Na tambayi wani ɗan ajinmu da ya san harkar, ya ce wannan ne tsere mafi sauƙin haɗari, da shi ake farawa, ba mota a gaba ba mota a baya. Kuma na san ka. Da akwai abin tsoro da gaske, da ba ka cika takarda biyu da barkwanci ba.

Ka sha ƙwayoyinka.

Uwarka,
Mukami

*

Timau, watan Maris

Uwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, in ban da barci da ya yi ƙaura daga wajena bai bar adireshi ba. Na miƙa takardarki. Ban taɓa zaton zan zama masinjan da zai kai wa kansa sammaci ba.

An yi ranar gwaji ta sababbin shiga, a gonar wani Bature bayan Kisima. Da farko aka ce kowa ya taka hanyar da ƙafa, ya ga kwanoni, ya ga ramuka. Su bakwai ne sababbin, yara ƴan kwalisa shida da Mamanki. Suna ce mata Shosho, wato kaka, ita kuma ta raba musu dafaffen dankali. Ta ɗora hular kwano a kan ɗankwali, aka ɗaure ta a kujera da bel mai madauri ta kafaɗu da ƙugu, kamar akuyar da za a kai kasuwa a kan keke.

Fitarta ta farko raina ya yi fari. Ta zagayo a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, har mai agogo ya zauna ya zuba shayi. Tarlochan ya leƙa ta taga ya ce mata, "Mama Mukami, babu madara a baya."

A fita ta biyu wani ma'aikaci da ke tsaye a kwana ya kaɗa mata tuta, alamar ta rage gudu akwai ganga a hanya. Mamanki, wadda ba ta taɓa wuce mai ɗaga hannu a bakin titi ba, ta taka birki ta tsaya cak, ta tambaye shi ina ya nufa. Filin gaba ɗaya ya kwashe da dariya. Na fi kowa dariya, don na ɗauka kunya za ta maido min da matata gida.

A ta uku ne abin ya lalace. Ban san me ta gano a cikin motar nan ba. Ƙarar injin ta canza, ƙura ta tashi, bayan motar ya riƙa wutsiya a kowace kwana. Kuma a babbar kwanar da ke gangare, inda ƙasa ta yi kunya-kunya, na ga abin da na je gani. Hannu ya fito ta taga. Tana nuna za ta yi dama. Wa take nuna wa, uwata? Karan alkama?

Da yamma motar ɗaya daga cikin yaran ta kife a wannan kwanar. Ta mirgina ta kwanta a gefen direba, ta ja ƙasa, sannan ta tsaya. Ya fito yana dariya, abokansa suna buga masa hula. Kowa yana yaba kejin ƙarfe. Ni madubin gefe na tsaya kallo. Ya zama kamar murfin kwalba da tirela ta taka.

Na ce to, a toshe tagar, tunda an cire gilasanta. Na roƙo tsohuwar ragar gola a makarantar firamare, na ɗaure ta a tagar da hannu da haƙori, ƙulli a kan ƙulli, ko ɓera ba zai wuce ba. Mai duba motoci na ƙungiyar ya zo ya kalli aikina, ya yaba, sannan ya zaro wuƙa ya yanke. Ya ce in wuta ta tashi kuma ƙofa ta maƙale, ta ina za su zaro ta? Wallahi ban taɓa tunanin wuta ba. Na je da tsoro ɗaya na dawo da biyu. Akwai raga ta gaskiya mai maɓalli da ake buɗewa da yatsa ɗaya, Tarlochan ya aika Nairobi a kawo, Nairobi kuma kin san ta.

Ya ce kafin nan dabara ɗaya ce. In mota ta fara juyawa, a saki sitiyari, a harɗe hannuwa a ƙirji, a damƙe madaurin kafaɗa, kada a saki sai komai ya tsaya. Ya ce da baki abu ne mai sauƙi, jiki ne ba ya yarda.

Saboda haka na buɗe makaranta. Tsohon tankin ruwan nan na bayan garke, na shimfiɗa masa katifa a ciki, tana shiga da hularta, in tura shi da ƙafa ya gangara har shingen maƙwabcinmu Mzee Kaburu. A gida kuma duk lokacin da na ce "Juya," sai ta saki abin da ke hannunta ta harɗe. Mun yi asarar tukunyar masara da wake guda, da kofuna biyu. Minista ta sha mamaki ranar da aka sake ta ana tsakiyar tatsa.

Na kuma sa doka, ko a a-kori-kura hannu a ciki. Wannan ta jawo mana abin da ban zata ba. Matan coci sun aiko wakilai uku, sun zauna sun sha shayinmu, suka ce tun da Nyaguthii, Mamanki ke nan, ta fara hulɗa da masu kuɗi ba ta gaida mutane a hanya. Matar Kaburu ta ce ta ɗaga mata hannu har kafaɗarta ta yi ciwo, ita kuwa ta wuce kamar matar gwamna. Mamanki ta kalle ni, na kalli rufi.

Tsere na gaske ƙarshen wata mai zuwa ne. Ki yi mana addu'a, ki haɗa da tankin.

Ndiritu

*

Puna, watan Afrilu

Baba,

Ina gaisuwa. Lafiyata ƙalau, jarrabawa ce ta matso.

Wannan karon ban yi dariya sosai ba. Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, kai ka ce ni uwarka ce.

Kana saka mace mai shekara kusan hamsin a tanki kana gangarawa da ita. Kana firgita ta a kicin. Ka hana ta gaida mutane har an fara zaginta, kuma da aka zo ƙara ka kalli rufi. Na karanta wasiƙar sau biyu, abin da na gani shi ne kana so ta gaji ta bari da kanta, don kada a ce kai ka hana.

Ina ganin abin da ke damunka ba taga ba ce. Kai ne direban gidan nan a da. Tun da ka bar tuƙi ita ta ɗauki motar, ba ta taɓa cewa ta gaji ba, kuma ba wanda ya taɓa tafa mata. Yanzu an fara kiran sunanta a fili, kai kana gefe da kwandon dankali. Na san da ciwo. Amma Baba, ka bar mata wannan. Abu ɗaya ne tak da ta taɓa so don kanta.

Kada ka yi fushi da ni.

Mukami

*

Timau, watan Afrilu

Mukami,

Muna lafiya. Ban yi fushi ba.

Kina ƙarama kin tambaye ni ina hannuna, na ce kada ne ya cinye a kogin Tana. Ƙawayenki na ce musu zaki. Fasto na ce masa na fitar da shi zakka. Kin girma kin ji cewa hatsarin mota ne, kika bar shi a nan, ni ma na bar shi.

Lodin dankali na ɗauko zan gangara Isiolo. Ba gudu nake ba. Gefen hanya ne ya zabtare, motar ta kwanta a hankali, a hankali ƙwarai, har na ga ciyawa tana matsowa. Na san dokar. Duk direban babbar mota ya san ta, ni da bakina na koya wa wasu. Ban miƙa hannun nan ba, Mukami. Shi ya tafi da kansa ya tare ƙasa, kamar yadda kike yi in kin yi tuntuɓe. Ya ɗauka zai iya riƙe mota.

Hannu ba ya jin magana. Abin da ya saba kawai yake yi. Na Mamanki ya saba da waje fiye da shekara ashirin, ni kuma wata biyu aka ba ni in canza masa hali.

A tanki yawanci tana harɗewa. Ba kullum ba. Shekaranjiya tankin ya bugi dutse, na ga tafinta ya fito ta baki yana neman ƙasa. Ta fito tana dariya. Na zagaya bayan garke na yi amai.

In tafi take so, ni zan fi kowa, in bugi cinya. Ba na ƙyashinta. Na roƙe ta sau ɗaya, ba da wasa ba, ta ce ta ji, kuma za ta je. Ragar ba ta iso ba. Tseren ranar Asabar ta ƙarshen wata ne.

Babanki

*

Puna, watan Yuni

Baba,

Don Allah ka amsa.

Asabar ɗin ta wuce da daɗewa. Kullum ina zuwa wurin mai rabon wasiƙu har ya fara kauce min. Na buga waya gidan waya na Timau, tana ta ƙara ba a ɗauka. Na buga garejin Tarlochan, wani ya ɗauka ya ce maigida ya tafi asibiti dubiya, layin ya yanke kafin in ce wa.

Na sake karanta wasiƙunka duka daga farko. Tun a ta Janairu ka faɗa min, na tsaya ina dariya. A ta ƙarshe alƙalaminka ya huda takarda wuri uku. Ban san yadda aka yi na karanta tsoro na ce kishi ba ne. Ka yafe min. Ni na ce mata ta taka har ƙasa, da rubutuna, kai kuma na sa ka miƙa mata.

Na rubuta jarrabawa ban san me na rubuta ba. A aji sai in tsinci kaina na harɗe hannu a ƙirji.

Ko mene ne, ka faɗa min kai tsaye, ba kada ba zaki. In ba ka iya rubutawa ba ka sa wani. Na fara tambayar jirgi.

Mukami

*

Timau, watan Yuli

Uwata,

Kafin gaisuwa, ki kalli rubutun nan da kyau. Ba nawa ba ne, kin ga layukan ba sa gangarawa kamar shanu za su rafi. Na Mamanki ne. Da hannun dama take yi, yatsu biyar, na ƙirga da safe. Ni ke faɗa tana rubutawa. Ki ajiye zancen jirgi, ki zauna, ki sha ruwa.

Yanzu gaisuwa. Muna gaishe ki. Muna lafiya, kusan duka.

Ranar tseren mutane sun cika gonar, har matan coci sun zo a motar haya, wai su ga abin da ya sa ake wuce su. Fita uku ake yi, a ɗauki mafi kyau. Ta farko ta zo ta biyar cikin bakwai. Ta biyu ta zo ta huɗu, kuma ba ta tsaya ɗaukar kowa ba. Na je na ce mata huɗu lamba ce mai albarka, mu tafi gida. Ta ce in riƙe mata ɗankwali, hular tana matse ta.

Na tafi na tsaya daidai babbar kwanar, bayan igiya. Motoci sun riga sun haƙe ta, kunyoyin sun yi zurfi. Na ji ta tun kafin in gan ta. Ta shigo da gudun da ban taɓa ganin ta yi ba, bayan motar ya zame, tayar gaba ta faɗa rami, sai na ga cikin motar, wato ƙasanta, inda bakanike kaɗai ya kamata ya gani. Ta kwanta a gefen direba. Ta ja ƙasa. Ta sake juyawa. Ƙura ta rufe komai.

Ban san na tsallake igiya ba. Ina gudu ina ihun "Juya, juya," kamar motar ba ta riga ta ji ba. Ana tsakiyar haka ƙafata ta shiga ramin dabgi. Na tafi da fuska. Kuma me kike tsammani hannuna ya yi, wannan guda ɗayan, bayan duk wa'azin da na yi wata biyu? Ya tafi da kansa ya tare ƙasa. Na ji ƙas.

Na tashi na ƙarasa a haka. Motar tana kwance a kan rufinta, tayoyi suna juyawa. Ma'aikata sun riga ni da tukunyar kashe wuta, wutar kuwa ba ta zo ba, Allah ya sa tana da wani aikin. Na durƙusa na leƙa. Ga Mamanki a rataye kai ƙasa kamar jemage, hannuwa a harɗe, ta damƙe madauri har yatsunta sun yi fari. Ƙofar gefenta ta goge kamar an bi ta da dutsen niƙa. Suna ce mata ta saki su kwance ta, ta ƙi. Tarlochan ya roƙa, ta ƙi. Sai da ta ga fuskata a juye ta ce, "Baban Mukami, ya tsaya?"

Na ce ya tsaya.

Ta ce, "To ƙirga."

Na ƙirga mata hannuwanta, ɗaya, biyu. Ta ce saura ɗaya. Na ɗaga nawa, sai muka ga ya lanƙwashe ta inda Allah bai sa gaɓa ba.

Motar asibitin da aka ajiye domin ƴan tsere, mutum ɗaya ta ɗauka ranar, ɗan kallo. Karaya ce a wuyan hannu, an saka min siminti har gwiwar hannu. Dubiyar da aka ce miki Tarlochan ya tafi, ni ne. Gidanmu ya koma hannu biyu na ɗan lokaci, kuma duka nata ne. Ita ke ba ni abinci a baki, ita ke saka min maɓalli, sauran ayyukan ba sai an rubuta ba. (Ba zan rubuta ba ko ya faɗa.) Abin da ke cikin baka biyun nan nata ne, ba ni da iko da alƙalami.

Shirun laifina ne. Na ce a jira in warke in rubuta da kaina, don ban ga yadda zan sa a rubuta cewa malamin ne ya faɗi jarrabawar ba. Da wasiƙarki ta zo ta karanta, ta ɗauko takarda ta zaunar da ni. Batun yafiya kuwa, babu abin yafewa. Ni na koya miki cewa duk abin da na faɗa wasa ne.

Ragar ta iso mako guda bayan tseren. Tarlochan ya bubbuge rufin motar, ya ce ta fi da kyau. Akwai wani tseren bayan girbin Agusta. Na tambaye ta ko za ta, ta ce in tambayi wace rana ce. Tsoro yana nan, uwata, bai rage ko cokali ba. Sai dai yanzu na san wanda ba ya jin magana a gidan nan.

Matan coci sun huce rabi. Don a ƙarasa sulhu na ce ni zan riƙa gaisuwa a madadinta, tunda ina kujerar hagu kuma simintin fari ne, ana hango shi daga nesa. Jiya muna hanyar kai madara na hango matar Kaburu, na zura shi ta taga ina kaɗawa. Mamanki ta taka birki a tsakiyar titi, ta kashe mota. Na ce lafiya? Ba ta kalle ni ba. Motoci suna ta hon a bayanmu, madara tana ɗumi. Sai da na jawo shi ciki na ɗora a cinya, sannan ta tayar.

Ki gaida masu son hoto. Ga shi nan, wanda ke kwance a gadon ɗaukar marasa lafiya ni ne.

Ɗanki,
Ndiritu

Mukami, ni ce. Ya gama surutunsa ya fita duba shanu. Ki ci abinci, ki yi karatu. Da motar ta juya ban tuna Tarlochan ba, ban tuna tanki ba. Hannun rigarsa na dama na tuna, wanda ba komai a ciki, wanda nake ninkewa ina saka wa fil kowace safiya. Kada ki gaya masa, zai mayar da shi barkwanci. Gobe zan kai a-kori-kura a saka raga a tagar hagu.

Mamanki